Amsar Yaya a kan kwas ɗin manhaja

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanena, na ji muryarka tun da rana, ina cikin torotoro, motar haya, daga kasuwar Kejetia ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce sati huɗu ke nan kuna kwas ɗin farko na injiniyancin manhaja, ko layi ɗaya na kod ba ku rubuta ba, sai zanen akwatuna da kibiyoyi, har kana tunanin daina shiga lakcar ka zauna ɗaki da Python ɗinka, yaren rubuta kod ɗin da kake koyo. Don Allah kar ka daina. Bari ka ji abin da ya same mu lokacin ina Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi.

An raba mu rukuni-rukuni, mu biyar, aka ce kowane rukuni ya nemo mutum na gaske ya gina masa manhaja. Muka zaɓi wata Hajiya mai karɓar susu a nan Aboabo, adashi ke nan ga 'yan'uwanmu na Najeriya da ke cikin gurup ɗin nan. Sau ɗaya muka je gaishe ta, muka koma muka duƙufa wata biyu. Abu ya yi kyau, wallahi, har da launi. Muka kai mata. Ta gyara tabarau, ta kalli allon laftof ɗin, ta daɗe shiru, sannan ta ce, "To 'ya'yana, ina nawa?"

Ashe a katin susu, zubin kwana ɗaya a wata nata ne, shi ne ladan wahalarta. Mu kuwa mun tara duka mun mayar wa mai zubi. Kuma ba shi ke nan ba. Mai waakye takan ba da na kwana uku a haɗe, mahauci ya tsallake sati sannan ya cike, wani ya turo ta MoMo, wato kuɗin waya, a wayar ɗanta. Namu tsarin zubi ɗaya ya sani a rana ɗaya. Ga shi sai da intanet yake aiki, ita kuma ƙaramar waya ce mai maɓallai a ɗaure a bakin zaninta. Kod ɗinmu ba kuskure ko ɗaya, amma ba abin da za ta yi da shi. Da mun bi ta kasuwa yini guda da littafi a hannu, da duk mun gani. Wannan shi ne tattara buƙatu da malaminku ke ta nanatawa, akwatunan nan kuma hanyar ajiye abin da ka jiyo ne kafin ka taɓa kwamfuta.

Kuma fa ba yau aka fara ba. A 1968 aka yi taro a Garmisch, ƙasar Jamus, saboda manyan ayyukan manhaja suna ta cin kuɗi suna wuce lokaci, daga nan sunan fannin ya bazu. Idan kun zo babin gwaji za ku ji labarin rokar Ariane 5 ta Turai, wadda ta tarwatse a 1996, daƙiƙa kusan 40 da tashi. Kod ɗin Ariane 4 aka ɗauko aka sa mata, babbar lamba mai bit 64 aka nemi cusawa a ƙaramin gurbi mai bit 16, gurbin ya kasa ɗauka. A tsohuwar rokar lafiya lau yake aiki, ba a gwada shi da yanayin tafiyar sabuwar ba.

Python ɗinka kuwa ci gaba da shi da dare, ba wanda ya hana. Amma ka koyi Git, manhajar da ke ajiye kod da tarihin gyare-gyarensa, tun yanzu, kafin a raba ku rukuni. Ranar da aka ɗauke wuta, laftof ɗin mai riƙe da aikin ya ƙi tashi, za ka gode mini. Kuma duk wanda za ku gina wa abu, ku riƙa kai masa ɗan abin da kuka yi duk sati biyu, ko bai kammala ba.

Asabar zan shigo gida in sha Allah. Ka zo da laftof ɗinka bayan La'asar, in buɗe maka GitHub, shafin da ake ajiye aikin Git a intanet, in nuna maka zanen da muka sake yi wa Hajiya. Ka gaida Mama.