Zane ya ce 25, injiniya ya ce a nemi 33

Tambaya: Ni magini ne a Tudun Wada, Gombe. A zanen bene an rubuta ƙarfin kankare 25, amma injiniya ya ce mu kwaɓa da nufin samun 33. Wannan ba ɓarnar siminti ba ce?

Amsa: Malam, ba ɓarna ba ce. Kwaɓi biyu ba sa fitowa da ƙarfi ɗaya, ko da hannu ɗaya ya yi su. Yashi idan ya yi danshi yakan kumbura, sai kwano ya ɗebi ƙasa da abin da aka ƙiyasta. Lebura kuma yakan ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, kuma yawan ruwan nan ne babban mai rage ƙarfi.

Lambar 25 ɗin, wato niyutan (ma'aunin ƙarfin danni) a kan murabba'in milimita, iyaka ce da ba a yarda fiye da samfuri 5 cikin 100 su gaza kaiwa ba. Shi ya sa ake ɗaukar ma'aunin warwatsuwar sakamakon gwaji, wato yadda ƙarfin samfura ke bambanta da juna, a ninka da 1.64, a ɗora a kan 25. Idan warwatsuwar 5 ce, an samu 8.2, jimla kusan 33 ke nan. Inda ake auna kaya da sikeli warwatsuwar takan sauka, in ta kai 3 sai 30 ta wadatar. Nan ne kawai ragin siminti ya halatta.

Don gwada ƙarfin kwaɓinku, ku zuba samfuri a akwatin ƙarfe mai milimita 150 kowane gefe, ku daddanna don iska ta fita. Washegari ku cire ku nutsar a ruwa, a murƙushe a ɗakin gwaji idan ya kwana 7, wani kuma idan ya kwana 28. Benen kuma, musamman a zafin Maris da Afrilu, a riƙa shayar da shi aƙalla kwana 7.