Allahiya mai fuska uku da mai ƙaho: tsohuwar bauta ce ko sabuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mabiya Wicca, wani addinin maita na zamani, bautar mutanen dā suke ci gaba da yi, wato ta allahiya mace da abokinta namiji. Sun aro abubuwa daga can, amma yadda suka harhaɗa su sabo ne.

Gerald Gardner ne ya fito da Wicca fili a Ingila da littafinsa na 1954, shekara uku bayan an soke dokar hana maita. A wurin mabiyan, macen fuska uku gare ta: budurwa, uwa, tsohuwa, tana bin jinjirin wata da cikarsa da raguwarsa. Namijin kuwa mai ƙaho ne, na daji da farauta. Sukan danganta shi da Cernunnos, abin bautar mutanen Gaul (yankin Faransa a dā), wanda aka sassaƙa a wani dutse da aka tono ƙarƙashin cocin Notre-Dame a Faris, ƙahonni a ka, da zobba rataye a jikinsu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ko'ina a dā mace aka ɗauki watan sama, ko a ce duk allahiyoyin dā allahiya ɗaya ce. A tsohuwar Masar, Khonsu, abin bautarsu na wata, namiji ne, sama kuma mace ce, Nut, ƙasa namiji, Geb. A Mesofotamiya (yankin Iraƙi a dā) ma abin bautarsu na wata, mai suna Sin, namiji ne. A Japan rana ce mace, Amaterasu. Girkawa ba su ɗauki allahiyoyinsu Artemis da Hera abu ɗaya ba, kowacce da haikalinta da bukukuwanta.

Ko cikin Wicca ɗin bakinsu bai zo ɗaya ba. Reshen Dianic da Zsuzsanna Budapest ta kafa a Amurka a shekarun 1970, allahiya kaɗai suke bauta wa.