Abin da ya sa ba ma barin zane ya kwana a ramin baba

Ka ce tunda shuɗi mai duhu mai kayan nan yake so, me zai hana mu tsoma zanen a ramin rini da yamma mu bar shi ya kwana, da safe mu tsamo abinmu, maimakon wannan tsoma-tsamo da ke karya ƙugu. Jingine muciyar nan ka zauna, ɗana.

Ramin ba ya ba da shuɗi. Miƙo ƙyallen can, tsoma shi, ka ƙirga kamar sittin, ka fito da shi. Wane launi ka gani? Kore-kore ne mai ratsin rawaya. To ware shi, ka riƙe. Ga shi nan yana juyawa daga gefe, inda iska ta fara taɓawa, har ya game tsakiya. Buɗe wannan ninkin da yatsanka ya danne, ka ga har yanzu kore ne a ciki. Iska ce mariniya ta gaskiya, mu 'yan aikenta ne.

Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Ko ka wuni kana dama shi, zai kwanta a ƙasa ne. Shi ya sa muke haɗa baba, ganyen da ake samun shuni a jikinsa, da toka da kanwa, mu bar su kwana da kwanaki su ruɓa, muna motsawa. Akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, irin masu mayar da madara kindirmo. Su ke cinye iskar da ke cikin ruwan, sai shunin ya sake, ya narke, ya iya ratsa zare. Da ka tsamo zanen iska ta buge shi, sai shunin ya koma yadda yake tun farko, ya daskare a cikin zaren, ruwa ba ya iya fitar da shi. Kowane tsomi ɗaya rufi ɗaya ne. Duhun da kake nema tarin rufi ne, wani kan wani.

In ka bar zane ya kwana, zai sha iya abin da zai sha tun da wuri, ya tsaya. Abin da ya fi muni, ramin da ya narkar da shuni zai iya sake narkar da wanda ka riga ka kama jiya. Ga laka a ƙasa, in zanen ya sauka ya taɓa ta, da dabbare-dabbare zai fito, mai kaya kuma ba zai saurari bayaninka ba.

Wannan ne kuma dalilin da nake yi maka faɗa in ka ɗaga zane sama kana barin ruwansa yana tsiyaya cikin rami da ƙara. Iska kake ɗura wa ramin, kana kashe shi da hannunka. Matse shi a hankali dab da bakin ruwa. Ka jiƙa kaya kafin ka tsoma. Ka riƙa duban kumfar da ke sama, in tana ƙyalli ja-ja, ramin na da lafiya. Ka murza ruwan tsakanin yatsu, in santsi ya yi yawa toka ta fi ƙarfi. Lokacin hunturu kuwa sai ka yi masa uzuri, sanyi yana sa shi nawa.

Na san abin da ke ranka. Ka leƙa wajen masu rinin shadda, ka ga an dafa galura a duro, an tsoma, kafin azahar an shanya an karɓi kuɗi. Ban raina su ba, sana'a suke yi, kuma sun fi mu ciniki. Amma wannan matsin ba a kanka ya fara ba. Karofin nan, wato wurin rinin nan na Ƙofar Mata, ana cewa tun 1498 yake. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar nan suna kaiwa Tumbuktu da Gat, har Tarabulus a bakin teku. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ba gona ba ruɓa. Manoman baba na Indiya, waɗanda suka fi kowa nomansa a duniya, cikin 'yan shekaru kasuwarsu ta karye. Mu ma da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano a 1912, kayan Turai suka kwararo. Daga baya ga atamfar Sin mai araha. Dubi ramukan nan, sun fi ɗari, ƙirga nawa ne ke da ruwa.

Abin da ya riƙe waɗanda suka rage shi ne masu sayen da ba a iya ruɗinsu. Buzun Agadas in ya zo neman rawani ɗan Kura, turkuɗi yake so wanda aka tsoma har ya koma kusan baƙi, aka kai mabuga aka buga shi da garin shuni a kan gungume har yana walƙiya. Zai shafa shi a bayan hannu, in bai bar masa shuɗi a fata ba, ajiyewa zai yi ya wuce. Wani zai ce ai zuba yake yi, shi kuwa abin da ya biya kenan. A ganina, ranar da muka fara rage tsomi don mu kamo masu duro, ranar muka rasa wannan mutumin, kuma ba za mu taɓa kamo su ba.

Gobe da sassafe ka zo da bokiti da igiya. Ramin can na kusa da bango ya mutu, za mu yashe shi. Kada ka zubar da lakar, katsi ke nan. Za mu cura shi mu shanya mu ƙona, wani ya koma cikin sabon haɗi, wani a kwaɓa shi da tsiron dafara mai yauƙi da gashin dabba a yi laso, simintinmu na gargajiya, mu liƙe tsagar da ke sa ramin yoyo. Ka sa tsofaffin kaya, warin ba ya fita da wanki ɗaya.