Wai Shekara Nawa Mutum Zai Yi Kafin Ya Iya Japananci?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da burin neman tallafin karatu na gwamnatin Japan wato MEXT, amma ko harafi ɗaya na yarensu ban sani ba. Don Allah zan kai wane lokaci kafin in iya, musamman wannan rubutun na kanji da yake ba ni tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka bar lissafi da shekara, ka yi da awa. Makarantar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna, FSI, ta sa Japananci a ajin mafi wahala tare da Larabci da Sinanci da Koriyanci, ta ce sai an yi sati 88, awa 2,200 a aji. Su kuma ba su da wani aiki sai karatun. Kai da za ka riƙa ba shi awa ɗaya a rana shekara 6 ke nan, in ka daure awa uku kullum ka tashi a shekara 2.

Amma kar wannan ya karya maka gwiwa, don magana tana riga karatu zuwa nesa ba kusa ba. Kuma Bahaushe yana da wata sa'a da Bature bai da ita. Wasulansu biyar ne irin namu, a i u e o, suna jan wasali kuma suna ninka baƙi kamar yadda muke yi. Obasan gwaggo ce ko inna, in ka ja ka ce obaasan ta zama kaka. Kite "zo" ne, kitte kuma kan sarki na wasiƙa. Kunnenka ya riga ya saba da irin wannan tun kana goye, abin da zai ɗan juya maka kai shi ne aikatau sai ƙarshen jimla yake zuwa.

Rubutu kala uku ne. Hiragana haruffa 46, katakana haruffa 46, waɗannan sati biyu zuwa uku ka gama da su in ka sa kai, kuma ina roƙonka ka yar da rubuta Japananci da boko tun satin farko, sandar da ke hana mutum tafiya ce.

To sai na uku, kanji, wato haruffan da suka aro daga Sinanci masu ɗauke da ma'ana. Gwamnatinsu ta ware 2,136 na amfanin yau da kullum, yaran Japan kansu shekara shida na firamare suke yi suna koyon 1,026 kawai, ajin farko 80. Zanen ba shi ne matsalar ba, da yawa haɗe-haɗe ne. Ka ga 木 bishiya ce, biyu 林 ɗan kurmi, uku 森 daji, in ka jingina mutum da bishiya 休 ya zama hutu. Inda gizo ke saƙar shi ne harafi ɗaya karatu barkatai. Dubi 日曜日 wato Lahadi, harafin farko da na ƙarshe ɗaya ne amma a gaba an ce nichi a baya an ce bi, nichiyoubi. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai kar su haddace kanji shi kaɗai tsirara, a kama shi a cikin kalma.

Kanji biyar a rana ya ishe ka, da manhaja irin Anki mai dawo maka da abin da ka kusa mantawa, a lissafi shekara da wata biyu ka zagaye su duka, a zahiri ka ƙara wata shida don sai ka manta ka sake. Na ga masu ɗaukar talatin a rana, wata guda bita ta taru musu sun gudu.

Jarrabawarsu ta gwada iya Japananci, JLPT, hawa biyar ce, N5 ƙasa N1 ƙololuwa, ana yi a Yuli da Disamba. A ganina awa ɗaya kullum ba fashi za ta kai ka N5 cikin wata shida, N3 kuma wajen shekara biyu.