PS4 ko PS5, yaron da ya maƙale a gidan gem, da rigimar rimot a gida

Salamu alaikum jama'ar Zango. Wannan satin kusan duk saƙonnin da suka shigo kan kallo ne da gem, sai na ware guda huɗu. Wanda bai sanni ba, na daɗe ina riƙe da gidan gem a Nima kafin in koma gyaran talabijin da dikoda, don haka abin da zan faɗa abin da hannuna ya taɓa ne.

Na farko wani matashi ne tela daga Maamobi. Yace: "Yaya, na tara kuɗin da zai sai min PS4 har da canji, amma abokaina na cewa ya zama tsohon yayi, wai in ƙara haƙuri wata uku ko huɗu in sai PS5 hom-yus, wato wanda aka taɓa amfani da shi a ƙasar waje. Ni dai ƙwallo nake bugawa in na tashi daga shago. Wanne zan ɗauka?"

Ƙanina, ai ka riga ka ba kanka rabin amsa da kace ƙwallo kake bugawa. PS4 ya fito a 2013, PS5 kuma ƙarshen 2020, kaga shekara bakwai ke tsakaninsu, amma gem ɗin ƙwallon da muke ce ma FIFA, wanda tun 2023 aka canza mishi suna ya koma FC, har FC 25 da FC 26 duk sun fito a PS4. eFootball kuma da muka sani da PES kyauta ake saukewa tun 2021. In dai ƙwallo ce kawai, kai da abokai biyu uku bayan isha'i, PS4 Slim mai lafiya ya ishe ka, canjin ka sai pad (abin riƙewa a buga gem) na biyu da abin kare wuta. Inda maganar abokanka take da gaskiya shine manyan gem masu zuwa, irin GTA na 6, PS5 da Xbox Series kawai aka sanar, ba zai hau PS4 ba. In ranka na can toh ka jira wata huɗun, ba laifi.

Amma tsaya in faɗa maka abin da masu zuga ka ba sa lissafawa. Kuɗin da ke jikin kwalin shine ƙaramin kuɗi. PS5 in yana gem mai nauyi yakan ja wajen wat 200, awa biyar kenan ya cinye yunit ɗaya na wuta, ka ƙara talabijin da fanka, kuma in gidan haya kake da mita ɗaya kun san yadda maganar kuɗin wuta take tashi a tsakar gida ƙarshen wata. Sai data: gem ɗaya sai yakai gig 50 ko sama, ga afdet da ba ya ƙarewa, in ba ka da waifai sai bandul ɗin waya wallahi za ka sha mamaki. Pad ɗin PS4 kuma ba ya buga gem ɗin PS5, sabo za ka saya, kuma ba arha ne da shi ba. Buga onlayin ma sai ka biya PS Plus, wato rajistar onlayin ta Sony, banda gem ɗin da dama kyauta ne.

Ko wanne ka zaɓa ka ɗau mai cin faifai. Wannan ina jaddadawa. Ghana ba ta cikin ƙasashen da ke da shagon PlayStation na kansu, shi yasa kowa ke buɗe akawun ɗin Amurka ko Ingila yana sayen kati, kuma katin Amurka ba ya shiga akawun ɗin Ingila. Mai faifai kuwa in ka gaji da gem sai ka yi musanye da wani ko ka sayar ka cika ka ɗau wani, kuma PS5 mai faifai yana cin kusan duk faifan PS4. Wanda ba ya cin faifai yafi arha ranar saye, bayan nan kullum hannunka na aljihu.

Ranar da za ka Circle sayen injin kar ka tafi kai kaɗai, kuma kar ka tafi da yamma lokacin da kowa ke sauri. Ka sa a jona maka shi a gabanka ka buga aƙalla rabin awa. Ka saurari fanka, in tana kuka kamar injin niƙa cikin ya cika da ƙura ko ya taɓa yin zafi sosai. Ka sa faifai ka fitar sau uku. Ka ɗan motsa wayar HDMI a bayanshi ka ga ko hoto zai ɗauke, don bakin nan na yawan lalacewa. Ka ajiye pad a kan tebur ka saki, in ɗan wasa na tafiya da kanshi toh sandar juyawa ta pad ɗin ta mutu. Ka duba takardar da aka liƙa a kan sukurori, in an yage an taɓa buɗe shi, ka tambaya me aka gyara. Sannan ka sa a shiga intanet da shi a gabanka, saboda akwai waɗanda Sony ta toshe, akwai kuma waɗanda aka fasa aka loda musu gem rututu, su waɗannan in ka yi afdet komai ya tafi, onlayin kuma babu kai babu shi. Ni kaina an taɓa sayar min da wani a wani shago cike da gem guda goma sha wani abu, ashe a akawun ɗin wani suke, sati biyu mai akawun ya canza lambar sirri duk suka kulle, na koma mai shagon yace shi inji ya sayar min ba gem ba. Har yau abin na min ciwo don kuɗin adashi ne. Ka karɓi rasit mai lambar injin a jiki.

In ka kawo gida kar ka jona shi kai tsaye a bango. Mu da muka ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, na 2014 da 2015 mun san ba ɗaukewar wuta ke kashe kaya ba, dawowarta da ƙarfi ne. Ko irin gad ɗin da ake sa ma firij ka samu, in da hali UPS ƙarami, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, yafi, don in wuta ta ɗauke yana cikin sebin zai iya lalata maka abin da ka ajiye. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka rufe da ƙyalle in an kashe musamman lokacin hunturu, kuma kar a ci waake kusa da shi, kyankyasai na son ɗumin cikin PS4, na buɗe da yawa na tarar da su sun ƙona wajen wutar.

Ta biyu wata uwa ce daga Sabon Zango, saƙonta ya taɓa ni. Tace ɗanta shekara 13, yana JHS 2, kuɗin kokon da take ba shi da safe a gidan gem yake ƙarewa, makarantar allo ta yamma ma ya fara tsallakewa. Yanzu yana roƙon ta sai mishi waya, yace in ya samu zai zauna gida. Ta saya ko kar ta saya?

Mma, Allah ya shirya mana su. Ni da na riƙe gidan gem zan faɗa miki gaskiya, kar ki saya yanzu. Gidan gem yana da lokacin rufewa, kuɗi na ƙarewa a tashi yaro, kuma kina iya aika yayanshi ya kamo shi. Waya kuwa tana bin shi har cikin bargo ƙarfe biyun dare, ba wanda ya gani. Gem irin Free Fire da PUBG da yaran ke so kyauta ake saukewa amma cikinsu akwai saye-saye, kaya da bindigogi da lu'ulu'u, kuma da MoMo ake iya biya, na ga uwayen da suka zo suna kuka kuɗin jarinsu ya ragu ashe yaro ya haddace lambar sirrinsu tun ranar da aka aike shi cire kuɗi. Ki canza taki yau, ko kin sai wayar ko ba ki saya ba.

Abin da nake ganin zai yi aiki, ki je gidan gem ɗin da kanki ko ki tura kawunshi, a yi magana da mai wajen cikin mutunci, yawancinmu 'yan unguwa ne kuma muna jin kunyar manya. A ce mishi yaron nan Asabar da Lahadi kawai, awa ɗaya ko biyu, ke za ki biya kai tsaye, ranar makaranta in ya zo a kore shi. Kuɗin koko kuma a ba mai kokon a hannu. Ki duba kuma me yake bugawa. A jikin kwalin faifan da aka kawo daga Turai akwai lamba a ƙasa, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, shekarun da suka dace kenan, ƙwallo 3 ce, GTA kuma 18 ce kuma ba a banza aka sa ba. In kin ga a wajen akwai injin caca ko ana yanka tikitin bet, wannan ba gidan gem bane, ki raba shi da wajen gaba ɗaya, dokar ƙasa ma ta hana ɗan ƙasa da 18 caca balle addini.

Wayar ki mai da ita alkawari: in ya gama BECE, jarrabawar ƙarshen JHS, lafiya. Kuma in lokacin yazo a sa mata Family Link na Google, kyauta ne, daga wayarki za ki sa awannin da zai yi da lokacin da za ta kulle da dare. Kar ki hana shi wasan kwata-kwata Mma, yaron da aka toshe ma ko'ina shi ke koyon ƙarya.

Na uku wani ango ne daga Madina. Gidansu talabijin ɗaya, amarya na son finafinan Kano, mahaifiyarshi na son na Indiya da ake juyawa zuwa Twi, shi kuma Firimiya. Yana tambaya ya sai dikoda mai biyan wata ne ko babbar simat TV ya dinga sa data.

Malam ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Buƙata uku ce kuma ba abu ɗaya zai biya su ba. Ta Hajiya mahaifiyarka tafi sauƙi, tashoshin gida ke nuna waɗannan, akwatin Multi TV da ɗan dish sau ɗaya ake saye ba biyan wata. Ta amarya, yawancin masu dogon zango na Kannywood yanzu a YouTube suke sakin su sati-sati, kyauta, data kawai. In ta sauke su da bandul ɗin tsakar dare ta kalla da rana, kuma ta sa hoton a 360 ko 480 a waya, kuɗin kaɗan ne. Inda ake faɗawa rami shine a jona babbar talabijin da hotspot a bar ta ta zaɓi hoto da kanta. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya na HD na iya cin gig 3, na 4K har gig 7, kaga fim biyu sun tashi da bandul ɗin wata. Don haka sayen 4K ga wanda ba shi da intanet na gida asarar kuɗi ne, hoton da ka biya ba za ka taɓa ganinshi ba.

Taka ce mai tsada. Firimiya a nan SuperSport ke da ita, ta DStv ko GOtv, kuma ba kowane fakej ke da duk wasanni ba, ka tambayi takamaimai tashar da ke nuna kulob ɗinka kafin ka biya. Kakar na farawa Agusta ta ƙare Mayu, Yuni da Yuli ba dole ka biya ba, dikoda ba ta lalacewa don ta huta. In kuma wasa ɗaya kake kallo a sati, gidan kallo na unguwa yafi maka arha nesa ba kusa ba, ga hira ga ataya, rimot kuma ya zauna hannun Hajiya lafiya. Ƙananan akwatunan nan da ake tallar wai duk tashoshin duniya kyauta har abada, ina karɓar su gyara kusan kullum kuma ba abin gyarawa, wanda ke turo hoton ne ya rufe. Ka bar su.

In ni ne, talabijin inci 43 mai suna daga shagon da ke ba da garanti a rubuce, in ba simat bace a sa mata 'yar na'urar Android da ke mai da ita simat a baya. Ka kunna ta a shago ka shiga saitin ka ga sunan da ke ciki ya dace da wanda ke goshinta, don akwai masu liƙa suna.

Ta ƙarshe gajeriya ce. Wata ɗaliba daga Fadama na son ta kai ƙannenta uku silima da Sallah, tana tambaya ko ya cancanci kuɗin.

Ya cancanta ƙanwata, ko sau ɗaya yaro ya ga babban allo. Iyayenmu har yau suna labarin Orion na Circle da finafinan Indiya da suka kalla a can. Silverbird na Accra Mall ko na West Hills, ki duba jadawalinsu tun daga gida ki zaɓi na yara da ake nunawa da rana, ki lissafa tikiti huɗu da kuɗin trotro zuwa da dawowa. Ki ciyar da su tuwo su ƙoshi kafin ku fita don gugguru da lemon ciki na iya kamo kuɗin tikitin. Ranar Sallah da washegari cunkoso yayi yawa, ki bari sai rana ta uku, kuma ki riƙe ma ƙaramin rigar sanyi don esi ɗin wajen da ƙarfi yake.