Tambaya da amsa: me ya sa ƙayar kaktus ta fito biyu-biyu a hotona mai faɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya zafi? Ni ɗan unguwar Birni ne nan Damagaram, ban jima da fara ɗaukar hoto ba. Ran Lahadi da rana tsaka na je wata garka a hanyar Mirya, na ga shingen kaktus ya burge ni ga kuma duwatsu can baya, sai na ɗauki hoto 7 da talho daga hagu zuwa dama na haɗe su a ordinata su zama panorama. To ga shi na turo maka, ƙayoyin sun fito biyu-biyu, wani ganye ma kamar an datse shi da almakashi, sama kuma rabi fari rabi shuɗi. Aplikasiyon ɗin ce ba ta da kyau in nemi wata? Dan Allah a faɗa min gaskiya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, zafi lokacinsa ne. Na buɗe hoton na ƙara girmansa na bi shi daki-daki, kuma tunda gaskiya ka nema, riƙe kuɗinka kar ka sayi komai, aplikasiyon ba ta yi maka laifi ba, ita abin da ka ba ta ta ɗinka. Kamar ka kai wa tela ƙyalle bakwai da aka yanka a karkace ne ka ce ya fitar maka da babbar riga.

Yi wannan yanzu kafin ka ci gaba da karatu. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa ka saita shi da bakin ƙofa, rufe idon hagu ka duba, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Ka ga yatsan ya yi tsalle ko? alhali tsakanin idanunka biyu bai wuce santimita 6 da ɗan wani abu ba. To kai da ka tsaya ka miƙa hannuwa da talho kana juya dukkan jikinka daga ƙugu, idon kamarar yana tafiya kusan taƙi guda tsakanin hoto da hoto, ga kaktus ɗin ina jin bai kai mita 1 daga gabanka ba ga duwatsu can nesa, don haka a hoto na 3 ganyen nan yana rufe da wancan dutsen mai tsaga, a hoto na 4 kuma ya matsa gefe dutsen ya fito fili, sai aplikasiyon ta rasa wanda za ta bi, in ta daidaita duwatsu ƙaya ta rabu biyu in ta daidaita ƙaya dutse ya karye. Masu sana'ar suna ce masa paralaks. Ta zaɓi duwatsu, shi ya sa bayan hoton ya yi sumul gaban ya wargaje.

Kuma kaktus ba ya rufa wa mai hoto asiri. In yashi ne ko gajimare ɗinkin sai ya ɓace ba wanda zai lura, amma ƙaya siririya ce miƙaƙƙiya mai haske, kuskuren da bai kai kan allura ba sai ido ya kama shi.

Maganin shi ne idon kamara ya tsaya wuri guda, kai ne za ka zagaya shi. Ƙwararru suna da wani kai na musamman da ake ɗaurawa a kan mai ƙafa uku don wannan, amma ni shekara da shekaru da zare nake yi. Ka samu zare ka ɗaura a jikin talho daidai ƙarƙashin idon kamara, ka ɗaura ɗan dutse a ƙarshensa ya yi lilo har ya kusa taɓa ƙasa, ka ajiye marfin kwalba a ƙasa daidai ƙarƙashin dutsen. Duk hoton da za ka ɗauka ka tabbata dutsen yana bisa marfin. Yara za su taru suna maka dariya, ba komai. Ko kuma ka kafa sanda ka ɗora talhon a kai ka rinƙa murza sandar. Sannan ka ja da baya ko mita 3, duk nisan abu duk raguwar tsallen.

Na kuma lura hoto na 5 da na 6 da ƙyar suka taɓa juna. Kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da kamar sulusi, kuma ka riƙe talhon a tsaye ba a kwance ba, za ka ɗauki hotuna da yawa amma za ka samu sama da ƙasa wadatattu na yankewa. Wata dabara kuma, kar ka bari babban kaktus ya faɗo a kan ɗinki, sa shi ɗungurungum a tsakiyar hoto guda, ɗinkin ya faɗa inda babu komai.

Maganar sama mai launi biyu mai sauƙi ce. Talho yana auna haske da kansa a kowane hoto, da ka juya wajen rana ya rage da ka juya baya ya ƙara. Danna allon ka riƙe har ya kulle haske da saiti, ko ka shiga Pro, wato inda kake saita kamara da hannunka, in talhonka yana da shi. In za ka sake haɗawa gwada Hugin, aplikasiyon ce ta haɗa panorama a ordinata, kyauta ce.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Ko da ɗinkin ya fita lafiya hoton nan yana da sauran aiki, don rana tsaka ka je, haske ya sauko daga bisa ya wanke komai, kaktus ya zama kore-kore toka-toka kamar tsohon buhu. Je da sassafe ko bayan la'asar sakaliya ka sa rana ta kasance bayan shingen ta ɗan gefe, a nan ne kowace ƙaya take kamawa kamar an kunna mata wuta. Amma ka yi sauri, hasken wannan lokacin yana canzawa cikin mintoci, kuma ka guji ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, ciyawar da ke gindin shingen ba za ta tsaya maka ba. Sannan faɗin ya yi yawa, daga hoto na 5 zuwa na 7 ban ga abin kallo ba sai fili da wata baƙar leda da ta maƙale a ƙaya. Da 4 ka tsaya da ya fi.

Af, kuma ba duka ne kaktus ba a hoton naka. Na hagu mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu shi ne kaktus na gaske, asalinsa Meziko, har a tutar ƙasar yana nan gaggafa na tsaye a kansa, kawo shi aka yi. Dangin kaktus kusan dukkansu 'yan nahiyar Amurka ne. Na dama mai tsayi mai kusurwa-kusurwa ƙerana ce, tamu ce ta Afirka, dangin aguwa da tinya, kama ce kawai ta haɗa su. In ka duba kusa za ka ga ƙayar kaktus tana fitowa a dunƙule daga wani ɗan tabo mai gashi-gashi, ita kuwa ƙerana in ka karce ta farin nono take zubarwa, kuma nonon nan yana ƙuna, in ya taɓa hannunka kar ka kai shi ido sai ka wanke da sabulu. Shi ma na hagun yana da wasu ƙananan ƙayoyi kamar gashi da ke shiga fata su ƙi fita, ni na taɓa kwana biyu ina tsintarsu a gwiwa saboda durƙuso.

Koma garkar nan da zarenka da marfin kwalba, ka nemi izinin mai ita, ka ɗauko 4 kacal ƙerana a tsakiyar na 2, ka turo min su ɗai-ɗai kafin ka haɗa in gani.