Tambaya da Amsa: Ina kuɗin baiko ke tafiya?

Tambaya: Ina gaishe ku da aiki. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya a Tudun Wada, Jos. Shekara uku ke nan muna tara kuɗin sabon ginin majami'a, alhali muna da gwauraye da 'ya'yansu suka bar makaranta don rashin kuɗi. Wani maƙwabcinmu ya ce haka abin yake a ƙasashen Kirista, coci ta yi arziki, talaka ya tsiyace. Gaskiya ne? Kuma in na tambayi inda baiko ke tafiya, na yi zunubi?

Amsa: Mama, sannu da ƙoƙari. Ba ki yi zunubi ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni aka yi kan gwauraye da ake tsallakewa wajen rabon abinci, manzanni kuwa ba su tsawata wa kowa ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Shi ma Bulus, a 2 Korintiyawa sura 8, bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba, ya tafi da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa don kada a zarge shi.

Maganar maƙwabcinki tana da ƙamshin gaskiya, kuma Kiristoci da kansu sun daɗe suna yin ta. A 1517 Martin Luther ya tambayi dalilin da zai sa Fafaroma ya gina majami'ar Bitrus a Roma da kuɗin talakawa, ga shi da dukiyarsa. A zamaninmu ma ba a rasa misali ba. A Jamus gwamnati ce ke karɓar wa coci haraji daga mambobinta, kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin da mutum yake biya kan abin da yake samu. A can ne a 2013 aka gano aikin gidan bishop na Limburg ya ci wajen yuro miliyan 31. Fafaroma Francis ya dakatar da bishop ɗin, wanda ya sauka a 2014. A Disamban 2023 kotun Vatican ta yanke wa Kadinal Angelo Becciu hukuncin ɗauri a shari'ar da ta taso daga sayen wani gini a Landan. A Amurka kuwa, a 2023 aka ci cocin Mormon da kamfanin zuba jarinta tarar dala miliyan 5 saboda ɓoye yawan jarinsu.

Sai dai dukiyar coci ba iri ɗaya ba ce, a nan ne maƙwabcinki ya yi kuɗin goro. Asibitin Jankwano da na OLA a nan Jos, asibitin Vom da makarantun Gindiri duk dukiyar coci ne, kuma talaka, Kirista da Musulmi, ya daɗe yana amfana da su. Abin da ya cancanci suka shi ne dukiyar da ta fito daga aljihun mambobi ta kuma fi ƙarfinsu: jami'ar da aka gina da baiko amma ɗan mai baikon ba zai iya biyan kuɗinta ba, ko jirgin sama na shugaba a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa. Mu a ganinmu wannan ba shi da kariya.

Ki fara da ikilisiyarku, domin a can bakinki zai yi tasiri. Ranar Lahadi ki lura da wanda ke ƙirga baiko. Ya kamata su kai mutum uku, ba 'yan gida ɗaya ba, ana sauya su, su rubuta jimla a littafi su sa hannu kafin su tashi. Kuɗin ya shiga banki ranar Litinin cif, a liƙa takardar banki kusa da abin da aka rubuta. Yawancin ɓarna a wannan tsakanin take faruwa, kuma sau da yawa ba da niyyar sata ba: a ɗebi na man janareta, a ba baƙon mai wa'azi na mota, ma'aji ya ari kaɗan zai mayar ƙarshen wata. Ba a rubuta ba, wata shida kuwa ba mai iya tuna komai. Asusun ya kasance da sunan ikilisiya, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kafin kuɗi ya fita. Tura zakka ko baiko zuwa asusun fasto na kansa, ko da shi mutumin kirki ne, jawo masa zargi ne.

Kuɗin gini kuma a ware masa asusu dabam. Ki nemi ganin ƙiyasin da aka fara da shi, abin da aka tara, abin da aka kashe da rasit, da abin da ya rage. Gini yakan ja shekaru ne idan aka zana majami'ar mutum 2,000 ga ikilisiya mai mutum 400, farashin siminti da rodi na hawa, ana ta bin sa da sabon roƙo.

Batun gwauraye, kada ki kai shi da sunan ƙorafi. Ku haɗa kai a Zumuntar Mata, ku rubuta adadinsu da na yaran da suka bar makaranta da kuɗin zangon kowane yaro, ku miƙa wa magatakarda a rubuce don ya shiga taron dattawa. Ku roƙi a yanka kaso tsayayye, misali kashi 10 cikin 100 na baikon kowane mako, zuwa asusun taimako. Idan ana samun naira 200,000 a mako, 20,000 ke nan, a shekara ya haura miliyan ɗaya. Taimakon da ya dogara da baiko na musamman sau ɗaya a shekara shi ne yake fara mutuwa idan gini ya matsa.

Tambaya: Daga Bukuru nake rubutowa. Shin gwamnati na da ikon duba kuɗin coci a Najeriya?

Amsa: Ɗan'uwa, tana da shi, amma da iyaka. Coci tana rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ta hannun amintattu, kuma doka ta ce a riƙa miƙa rahoto duk shekara. Dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 839, ta ba hukumar damar dakatar da amintattu idan an samu almundahana, abin da ƙungiyar Kiristocin Najeriya, wato CAN, ta yi adawa da shi sosai. Tun kafin nan, a Janairun 2017, gwamnati ta dakatar da wata ƙa'ida da ta ƙayyade wa shugabannin coci da ƙungiyoyi makamantansu wa'adi, bayan ta tayar da ƙura. Saboda haka kada ka jira Abuja. Ka tambayi su wane ne amintattun cocinku, da sunan wa aka yi takardar fili. Idan wanda ya kafa cocin ne da matarsa da ɗansa, ko filin na da sunan mutum ɗaya, ranar da ya rasu magada na iya cewa gado ne, kuma mambobin da suka ɗauki bulo da kansu za su sha wuya a kotu.